Ibn Fadlan: Manzon Bagadaza da ƙanƙara ta tsare wata uku

Fiye da shekara 1,100 ke nan da wani magatakarda daga birnin Bagadaza ya tsaya a bakin kogin Jaihun, a yankin tsakiyar Asiya, yana kallon dawaki da alfadarai da amalanke suna ratsa kogin ta kan ruwan da ya daskare.

Sunan wannan mutum Ahmad ibn Fadlan. Yana cikin tawagar da Halifa Muƙtadir na daular Abbasiyya ya aika a shekarar 921 zuwa ga wani sarki Musulmi a can gaɓar kogin Volga, cikin ƙasar Rasha ta yau.

Tawagar dai ta isa inda aka aike ta, amma ba ta kai kuɗin da aka yi wa sarkin alkawari ba, kuma tsoron hunturu na daga cikin dalilan da suka jawo haka.

To sai dai rahoton da Ibn Fadlan ya rubuta ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun gani da ido a kan al'ummomin arewacin duniya, da kuma irin sanyin da suke rayuwa a cikinsa.

Asalinsa

Cikakken sunansa Ahmad ibn Fadlan ibn Abbas ibn Rashid ibn Hammad.

A farkon rahoton an gabatar da shi a matsayin maula na Muhammad ibn Sulaiman, wato wanda ya jingina da gidan wannan babban mutum yake kuma yi masa hidima. Masana tarihi na ganin cewa ubangidan nasa shi ne kwamandan da ya ƙwato Masar daga hannun zuriyar Ibn Tulun, ya mayar da ita ƙarƙashin Bagadaza a shekarar 905.

Labarin rayuwar Ibn Fadlan da ya iso ga mutanen yau ya fito ne daga rahoton nan nasa. A ciki ana ganin mutum mai ilimin addini, wanda ya san ladubban fada da ƙa'idojin wasiƙun sarauta, kuma mai yawan tambaya game da duk abin da idonsa ya gani.

Birnin da ya baro birni ne na zafi. Zubar dusar ƙanƙara a Bagadaza abu ne da ba safai ake gani ba, shi ya sa marubutan tarihi suka adana shekarun da hakan ta faru, kamar 908 da 944 da 1007. Ko da ta sauka a birnin a watan Janairun 2008, dattawa da dama sun ce ba su taɓa ganin irinta ba.

Wasiƙa daga arewa

Dalilin tafiyar shi ne wata wasiƙa da ta iso fadar Halifa daga Almish, sarkin Bulgarawan Volga. Waɗannan mutane ne masu magana da wani harshe na dangin Turkanci, 'yan uwan waɗanda suka yi ƙaura zuwa yamma suka bai wa ƙasar Bulgeriya ta Turai sunanta.

Sarkin ya roƙi a aiko masa da wanda zai koya masa addini da hukunce-hukuncen shari'a, a gina masa masallaci da mumbari, sannan a taimaka masa ya gina ganuwar da zai kare kansa daga abokan gaba.

Batun ganuwar ya fi komai damunsa, domin a lokacin yana ƙarƙashin Hazarawa, wata daula mai ƙarfi da ke ƙasan kogin Volga wadda sarakunanta ke bin addinin Yahudanci.

Kowane gida a ƙasarsa yana biyan su harajin fatar wata dabba mai tsada, ɗansa yana hannunsu a matsayin jingina, kuma sun taɓa ɗauke masa 'ya da ƙarfin tsiya.

Halifa ya amince da buƙatar. Aka ɗora Sausan al-Rassi a kan jagorancin tawagar, aka haɗa shi da wasu barorin fada biyu, Takin da Baris, da kuma manzon sarkin, Abdullahi ibn Bashtu.

Shi kuwa Ibn Fadlan aka ba shi aikin karanta wa sarkin wasiƙu, da miƙa masa kyaututtuka, da kula da malaman da za su koyar da addini.

Kuɗin da aka ware dinari 4,000 ne, amma ba a danƙa wa tawagar su a hannu ba. An ba da umarnin a karɓo su daga kuɗin shigar wani gandu da ke ƙasar Hawarizm, kudu da tekun Aral, wanda mallakar tsohon waziri Ibn al-Furat ne.

Tsoron hunturu a Buhara

Tawagar ta bar Bagadaza ranar Alhamis 11 ga watan Safar na shekarar 309 bayan Hijira, daidai da 21 ga watan Yunin 921, wato a tsakiyar zafi.

Hanyar da ta fi kusa da ƙasar Bulgar ta ratsa ta cikin ƙasar Hazarawa ne, ga shi kuma kuɗin suna Hawarizm. Don haka suka yi gabas, suka bi ta Hamadan da Rayy, kusa da Tehran ta yau, da Naisabur da Marwa.

Daga nan suka haye kogin Jaihun, wanda yanzu ake kira Amu Darya, suka shiga Buhara, babban birnin daular Samaniyawa. Sun gana da waziri Jaihani da kuma Amir Nasr ibn Ahmad, wanda Ibn Fadlan ya tarar yaro ne da ko gemu bai fito masa ba.

A Buhara ne al'amura suka fara lalacewa. Mutumin da aka wakilta ya karɓo kuɗin, Ahmad ibn Musa, ya taso daga Bagadaza ne bayan tafiyar tawagar. Wakilin Ibn al-Furat ya ƙulla masa makirci, aka kama shi a Marwa aka tsare.

Tawagar ta yi kwana 28 tana jiransa ba tare da sanin abin da ya same shi ba. Daga bisani wasu daga cikin abokan tafiyar, ciki har da Ibn Bashtu, suka fara cewa idan aka ci gaba da zama hunturu zai rutsa da su ya rufe hanya, kuma ai mai kuɗin zai iya biyo bayansu.

Haka suka bar Buhara hannu rabbana, ɗauke da wasiƙun da ke cewa an aiko su da dinari 4,000.

Suka koma bakin kogi suka yi hayar jirgin ruwa zuwa Hawarizm. Tun a cikin jirgin Ibn Fadlan ya fara ɗanɗana abin da ke tafe, domin sanyi bai bar su sun yi tafiyar yini cikakke ba.

Sarkin Hawarizm, Muhammad ibn Iraƙ, ya yi ƙoƙarin hana su wucewa, yana cewa akwai ɗimbin ƙabilun da ba Musulmi ba tsakaninsu da inda suka nufa. Sai da suka yi ta lallashinsa kafin ya sake su suka gangara zuwa Jurjaniyya, garin da kufansa ke arewacin Turkmenistan a yau, inda ake kira Kunya-Urgench.

Ƙofar zamharira

Ba su daɗe da sauka a Jurjaniyya ba kogin Jaihun ya daskare.

Ibn Fadlan ya ce kaurin ƙanƙarar ya kai taƙi 17, wato awo da buɗaɗɗen tafin hannu, abin da zai kai kusan mita huɗu. Dabbobi da amalanke suna bi ta kai kamar yadda ake bin hanya, ba ta ko motsi, kuma haka ta zauna har wata uku.

Da ya rasa abin da zai kwatanta wannan ƙasa da shi, sai ya koma ga abin da ya sani a karatu. Ya ce sun zaci an buɗe musu wata ƙofa ce ta zamharira, wato matsanancin sanyin nan da malamai ke ambata cikin azabobin lahira.

Ya lura cewa dusar ƙanƙara ba ta sauka a wurin sai tare da iska mai ƙarfi. Kasuwa da tituna sukan zama wayam, mutum ya zaga yawancinsu bai gamu da kowa ba.

Abin da ya bambanta bayanin Ibn Fadlan shi ne yadda ya auna sanyin da jikinsa.

Idan ya fito daga gidan wanka, kafin ya isa masauki gemunsa ya zama dunƙulen ƙanƙara, sai ya matsa kusa da wuta ya narkar da shi.

Ɗakin da yake kwana yana cikin wani ɗakin ne, a cikinsa kuma an kafa tantin Turkawa na gashin tumaki. Ga barguna ga fatu ya lulluɓa, amma duk da haka wani lokaci kuncinsa kan manne da matashi.

Ya ga ana naɗe randunan ruwa da buzu da daddare don kada su fashe, amma hakan ba ya hana su tsagewa. Ya ga ƙasa ta dare gida biyu, ya kuma ga wata tsohuwar babbar bishiya ta rabe saboda sanyi.

An kuma ba shi labarin wasu mutum biyu da suka kora raƙuma 12 zuwa daji don ɗauko itace, suka manta da ƙyastu. Suka kwana babu wuta, kafin gari ya waye raƙuman duk sun mutu.

Tawagar ta zauna a garin daga wasu kwanaki na Rajab, ta yi Sha'aban da Ramadan har zuwa Shawwal. A waccan shekarar azumi ya faɗo ne a watan Janairu, lokacin da sanyi ya fi tsanani.

Wuta ce karimci

Hankalin Ibn Fadlan ya kai har ga yadda sanyi ya sauya al'adun mutanen garin, abin da su kansu ba za su ga ya isa a rubuta ba.

A ƙasar da ya fito, inuwa da ruwan sanyi ake tarbar baƙo da su. A Jurjaniyya kuwa, idan mutum yana son ya karrama abokinsa, sai ya gayyace shi hira yana mai shaida masa cewa akwai wuta mai kyau a gidansa.

Ya ce Allah ya tausaya wa mutanen ya sauƙaƙa musu itace, domin dirhami biyu kan sayi amalanke guda na wani icen hamada da suke kira tag.

Mabaraci ma ba ya tsayawa a ƙofar gida. Yakan shiga ciki kai tsaye ya zauna bakin wuta ya ji ɗumi na ɗan lokaci, sa'annan ya roƙi gurasa. In an ba shi ya karɓa, in ba a ba shi ba ya fita.

Wannan ba ya nufin Ibn Fadlan ya yaba da duk abin da ya gani. Yana da irin girman kan mutumin babban birni, har ya kwatanta harshen mutanen yankin da kukan tsuntsaye, na wani ƙauye kuma da kukan kwaɗi.

Narkewar kogi

A tsakiyar watan Shawwal, wajen tsakiyar Fabrairun 922, yanayi ya fara sauyawa, ƙanƙarar Jaihun ta soma narkewa.

Wani marubuci da ya ga irin wannan lokaci a wurin bayan ƙarni uku, Yaƙut al-Hamawi, ya bayyana yadda abin ke gudana. Da farkon sanyi gutsattsarin ƙanƙara ne ke yawo a kan ruwa suna mannewa da juna har kogin ya zama faranti guda, ruwa na gudu a ƙarƙashi.

Mutane sukan haƙa rami da diga su ɗebi ruwan sha, jiragen da ƙanƙara ta riƙe kuma sai su zauna a inda suke. Idan kaifin sanyi ya karye, sai farantin ya sake tsattsagewa gunduwa-gunduwa kamar yadda ya fara, har kogin ya koma ruwa.

Ga tawagar Halifa, narkewar alama ce ta cewa lokacin tashi ya yi. Suka sayi raƙuman Turkawa, suka sa aka ɗinka musu kwale-kwalen fatar raƙumi da ake iya naɗewa, suka kuma yi guzurin gurasa da gero da busasshen nama mai gishiri na wata uku.

Mutanen garin suka gargaɗe su cewa kada su ruɗu da sauyin yanayi, su yawaita tufafi. Ibn Fadlan ya ɗauka suna zuzuta abin ne, amma daga baya ya amsa cewa abin da suka tarar ya ninka abin da aka faɗa musu.

Kowannensu ya sa riga, ya ɗora kaftani, ya ɗora rigar buzu, ya ɗora mayafin gashin tumaki da alkyabbar da ba ta barin komai a waje sai idanu. A ƙasa kuma wando biyu, ɗaya mai shafi, da huffi, da wani huffin a kansa.

Idan mutum ya hau raƙumi da wannan kaya ba ya iya ko juyawa.

A nan ne malamin fiƙihu da mai koyarwa da yaran da suka taso tare da su daga Bagadaza suka noƙe, saboda tsoron ƙasar da ke gaba. Ke nan tawagar ta rasa malaman da sarkin ya roƙa, bayan ta riga ta rasa kuɗin.

Ibn Fadlan ya ja kunnen sauran abokan tafiyarsa cewa wasiƙun da ke hannunsu sun ambaci dinari 4,000, kuma sarkin zai tambaya. Suka ce masa kada ya damu. Ya nanata gargaɗin, ba su saurare shi ba.

Dusar ƙanƙara har gwiwar raƙumi

Sun ɗauki ɗan jagora daga mutanen garin, suka tashi ranar Litinin 2 ga Zulƙi'ida, wato 4 ga watan Maris na 922, cikin wani babban ayari da Ibn Fadlan ya ƙiyasta da mutum kimanin 5,000 da dabbobi 3,000.

Zangon farko wani ribaɗi ne da ke wurin da ake kira Ƙofar Turkawa. A zango na biyu dusar ƙanƙara ta sauko musu har raƙuma na nutsewa zuwa gwiwa, dole suka tsaya kwana biyu.

Daga nan suka shiga wani fili fetal da babu dutse babu mutum, suka yi kwana goma a ciki. Ibn Fadlan ya ce sanyin da suka sha a nan ya sa na Hawarizm ya zama tamkar kwanakin zafi, har suka kusa halaka.

Wata rana da sanyi ya tsananta, wani Baturke da ke tafiya kusa da Takin ya tambaya ko me Ubangiji yake nema a wurinsu da yake kashe su da sanyi, yana cewa da sun sani da sun ba shi. Ibn Fadlan ya sa aka gaya masa cewa kalmar shahada ake so ya furta. Mutumin ya yi dariya.

Bayan sun wuce wannan fili suka shiga ƙasar Guzzawa, wasu Turkawa makiyaya da ba su musulunta ba. Waɗannan ba sa son ganin ana wanka, har ta kai fataken Musulmi sai da daddare suke wankan tsarki a ɓoye, domin wanda aka gani sai a ce sihiri yake yi a ci shi tara.

Manyan Guzzawa sun tsare tawagar kwana bakwai suna shawara, saboda zargin cewa 'yan leƙen asiri ne da aka aika wa Hazarawa. Wani ya ce a kashe su, wani ya ce a tuɓe su a kora su, wani kuma ya ce a yi musayar fursunoni da su. A ƙarshe aka karɓi kyaututtuka aka sake su.

Ruwan da ya ci mutane

Narkewar da ta buɗe musu hanya a kudu ita ce kuma ta cika kogunan da ke gabansu.

Kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Ural zuwa wajen tekun Kaspiya suna samun mafi yawan ruwansu ne daga dusar ƙanƙarar da ke narkewa a watannin Afrilu da Mayu. Lissafin kwanakin tafiyar ya nuna cewa ayarin ya iso yankin a daidai wannan lokaci.

A bakin kowane kogi sai a warware fatun raƙuman nan, a sa itatuwan sirdi a ciki don su buɗe, a cika su da kaya. Mutum huɗu zuwa shida su hau, su riƙa tuƙi da sanduna, ruwa na jan kwale-kwalen yana jujjuya shi har su kai wancan ƙetare.

Dawaki da raƙuma kuwa tsawa ake daka musu su faɗa ruwa su yi iyo. Kafin ayari ya fara hayewa sai an tura mayaƙa da makamai gaba, don gudun harin Bashkirawa.

Kogin da ya fi ba su tsoro shi ne Jayik, wanda tun shekarar 1775 ake kira Ural. Ibn Fadlan ya ce bai ga wanda ya kai shi girma da ƙarfin gudu ba. A gaban idonsa wani kwale-kwale ya kife, waɗanda ke ciki suka nutse. An yi asarar mutane da dama, da raƙuma da dawaki.

Wannan kogi bai daina irin wannan ta'adi ba. A watan Afrilun 2024 narkewar dusar ƙanƙara ta sa ya yi ambaliya a biranen Orsk da Orenburg na Rasha, aka kuma kwashe dubun-dubatar mutane daga gidajensu a Rasha da Kazakhstan.

Ina kuɗin?

Tawagar ta isa wurin Sarki Almish ranar Lahadi 12 ga Muharram na shekarar 310, daidai da 12 ga watan Mayun 922, bayan kwana 70 da barin Jurjaniyya.

Sarkin ya fito da kansa ya tarbe su, ya sauka daga kan doki ya yi sujadar godiya ga Allah, ya watsa musu dirhamai. Ranar Alhamis Ibn Fadlan ya karanta wasiƙar Halifa a gaban taron manyan ƙasar, kowa na tsaye.

Sarkin ya kuma zaɓi a riƙa kiransa Ja'afar ibn Abdullahi a huɗuba, Ja'afar kuwa shi ne sunan yanka na Halifa Muƙtadir.

Kwana uku bayan haka abin da Ibn Fadlan ya ji tsoro ya faru. Sarkin ya kira shi ya jefa masa wasiƙun, ya tambayi inda dinaran suke.

Ibn Fadlan ya amsa cewa ba a samu tara su ba, lokaci ya ƙure, suka ji tsoron kada hanya ta rufe. Sarkin bai gamsu ba. Ya nuna cewa a cikin tawagar Ibn Fadlan kaɗai ya ɗauka da muhimmanci, don haka shi zai tuhuma.

Daga baya ya kafa masa hujja a gaban jama'a game da hukuncin mutanen da aka bai wa amanar dukiya don su kai wa raunana da aka yi wa ƙawanya, suka ci amanar. Ya ce ba zai karɓi koyarwar addini daga hannunsu ba sai wani mai gaskiya ya zo.

Rikicin ya taɓa har salla. Ibn Fadlan ya hana ladani maimaita kalmomin iƙama sau biyu, amma da sarkin ya fusata sai ya umarci ladanin ya koma yadda ya saba. Masana na ɗaukar wannan a matsayin alamar mazhabar Hanafiyya, wadda har yau ita ce mafi yawan Musulmin yankin ke bi.

Da Ibn Fadlan ya tambaye shi dalilin da ya sa mai ƙasa da dukiya kamarsa ya roƙi kuɗin ganuwa, sarkin ya ce zai iya ginawa da dukiyarsa, albarkar kuɗin Halifa yake nema.

Daren da ba ya tsawo

A ƙasar Bulgar wani abin mamakin ya maye gurbin ƙanƙara. A darensa na farko ya ga sama ta yi ja wur, da wasu siffofi kamar rundunoni biyu suna karo da juna.

Baƙin suka shiga addu'a, 'yan ƙasa kuwa suna yi musu dariya. Sarkin ya ce kakanninsu na cewa aljanu ne, muminai da kafirai, ke yaƙi. Masana da dama a yau na ganin hasken nan ne da kan bayyana a samaniyar arewacin duniya.

Wani daren yana hira da telan sarki, wanda shi ma mutumin Bagadaza ne, suna jiran kiran sallar isha. Da suka ji kira suka fito, sai suka tarar alfijir ya keto.

Ladanin ya shaida masa cewa suna haɗa isha da magariba ne, kuma ya yi wata guda ba ya barcin dare don kada asuba ta kuɓuce masa.

Wannan mas'ala ta daɗe tana jawo muhawara tsakanin malaman yankin, har malamin nan na birnin Kazan, Shihabuddin Marjani, ya rubuta littafi a kanta a ƙarni na 19.

A nan kuma Ibn Fadlan ya gamu da fataken Rus da suka zo ta kogi, ya ga yadda suka ƙona gawar wani shugabansu a cikin jirgin ruwa tare da wata kuyanga da suka kashe. Wannan sashe ne ya fi shahara a ƙasashen Turai.

Ya ce bai bar ƙasar ba sai da dare ya fara tsawo, yini ya gajarta.

Tsakanin zargi da shaida

Yaƙut al-Hamawi, wanda ya rasu a shekarar 1229, ya ce rahoton ya ƙunshi tafiyar tun daga fita Bagadaza har komawa cikinta, kuma ya kwafi sassa masu yawa daga ciki a littafinsa Mu'ujamul Buldan.

Amma ya ƙaryata batun taƙi 17, yana cewa iyakar kaurin ƙanƙarar Jaihun taƙi biyar ne. To sai dai shi kansa ya ba da labarin yadda tawada ta riƙa daskarewa a hannunsa a Hawarizm, sai ya kai ta bakin wuta kafin ya iya rubutu.

Ƙarnuka da dama sassan da Yaƙut ya kwafa su ne abin da masana suka dogara da shi. A shekarar 1923 wani masani Babashkire, Zeki Velidi Togan, ya gano wani kwafi mafi cika a ɗakin karatu na birnin Mashhad a Iran, ya kuma buga shi a 1939. Kwafin ya yanke ne a tsakiyar bayani kan Hazarawa.

Marubucin nan na Amurka, Michael Crichton, ya gina wani ƙagaggen labari a kan rahoton a 1976, wanda aka mayar fim a 1999, amma mafi yawan abin da ke ciki ba shi da alaƙa da ainihin tafiyar.

Daular Hazarawa ta karye bayan harin da Rus suka kai mata a shekarar 965, ita kuwa ƙasar Bulgar ta ci gaba da zama ta Musulmi har Mongolawa suka ci ta da yaƙi a 1236.

A Jamhuriyar Tatarstan ta Rasha, ana ɗaukar zuwan tawagar a matsayin lokacin da Musulunci ya zama addinin ƙasa a yankin, kuma ana tunawa da shi kowace ranar 21 ga watan Mayu.

Hukumar UNESCO ta sanya kufan birnin Bolgar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, sannan a 2022 aka yi bikin cika shekara 1,100 da isowar Ibn Fadlan da abokan tafiyarsa.

Shi kuwa kogin Jaihun da ya tsare su wata uku, tun daga shekarun 1960 aka riƙa janye ruwansa don noman auduga, har ta kai a yawancin shekaru ba ya isa tekun Aral.